Diffa: Dalilin da ya sa tambarin "i7" ba ya tabbatar wa mai sayen kwamfutar gem saurin da yake nema

Daga garin Diffa zuwa Maine Soroa, har ƙaramar hukumar Foulatari da ƙauyukan da ke bakin kogin Komadugu, wasan gem ya zama abin da matasa ke kashe wa kuɗi, wasu kuma sun mayar da shi sana'a. Inda aka samu rumfa da talabijin da farantin sola ko janareta, za a ga yara sun yi layi suna jiran a ba su hannu su buga ƙwallo.

Sai dai akasarin kwamfutocin da ke isowa jihar na hannu ne, waɗanda ake kawowa daga Damagaram ko Yamai ko kasuwannin Najeriya. Tsakanin Diffa da Yamai akwai tafiyar fiye da kilomita 1,300. Saurayin da ya zuba kuɗin noman tattasai ko na ragon da ya sayar ya karɓi na'urar da ba ta ɗaukar wasa, da wuya ya samu damar mayar da ita. Kuskuren kan faro ne daga rashin sanin abubuwa biyu: furosesa da RAM.

Shekarar furosesa ta fi sunanta muhimmanci

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar. A cikin wasa, ita ke lissafa inda ƙwallo za ta faɗa, da motsin kowane ɗan wasa, da umarnin da aka danna. Domin hoto ya tafi sumul ana so na'ura ta fitar da hotuna 60 a daƙiƙa guda, wato kowane hoto a kammala shi cikin kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa. Idan furosesa ta makara, sai hoto ya riƙa tsalle, ko da sauran kayan na'urar masu kyau ne.

Masu saye da yawa tambarin da ke manne a jikin kwamfuta suke dubawa, suna ɗaukar cewa i7 ta fi i5 a kowane hali. Lambobin da ke biye da sunan su ne ke nuna zamanin da aka ƙera ta. Misali, Core i7-7500U ta kamfanin Intel, wadda ta fito a 2016, sassa biyu ne kawai ke aiki a cikinta, waɗanda masu Faransanci ke kira zukata. Ita kuwa Core i5-8250U ta 2017 tana da huɗu. Saboda haka a ayyuka da dama i5 ɗin ta fi i7 ɗin ƙarfi.

Harafin ƙarshe ma yana da ma'ana. U na nufin an ƙera ta ne don tsimin batir, kuma irin waɗannan wat 15 ne ma'auninsu. H kuma na nufin an ƙera ta don aiki mai nauyi, tana cin wuta sosai, tana kuma fitar da zafi.

Akwai wani dalilin kuma na duba zamani. Kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar yawancin furosesocin Intel da suka girmi zamani na takwas.

Yawan RAM daban, saurinta daban

Idan aka kwatanta da kasuwar tattasai, ma'ajiyar kwamfuta ita ce sito, RAM ita ce tabarmar da ake baje kaya a gaban mai awo, furosesa kuma mai awon. Idan tabarma ta yi ƙanƙanta, dole a yi ta kai-komo zuwa sito, ciniki ya tsaya. Shi ya sa kwamfuta mai gigabayit 4 ke wahala da wasannin zamani, 8 ta zama mafi ƙarancin abin da ya kamata a nema, 16 kuma ta fi kwanciyar hankali.

Bayan yawa akwai sauri. RAM nau'in DDR3-1600 tana iya kai bayanai gigabayit 12.8 a daƙiƙa, DDR4-3200 kuma 25.6. Idan aka saka sanda biyu iri ɗaya a maimakon ɗaya, hanyar takan zama biyu, adadin ya ninka. Wannan ne ya sa sanda biyu masu gigabayit 4 kowace kan fi sanda ɗaya mai 8 amfani a wasa.

Bambancin ya fi fitowa a kwamfutocin da ba su da katin hoto na daban, waɗanda su ne suka fi yawa a kasuwar na hannu. A irinsu, sashen da ke zana hoto yana cikin furosesa ne, kuma daga RAM yake aron wurin aiki. Ga mai irin wannan na'ura, ƙara sanda ta biyu kan zama gyara mafi arha da za a ga tasirinsa. Amma a fara dubawa ko akwai ramin sakawa, domin wasu kwamfutocin an liƙe RAM ɗinsu da dalma. Haka nan DDR4 ba ta shiga ramin DDR3.

A na'urar da ke da katin hoto mai zaman kansa kuwa, katin ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin wasa, saurin RAM ya koma mataki na biyu.

Zafi da ƙura

A watannin Afrilu da Mayu zafin Diffa kan haura digiri 40. Furosesar da ta kusa kai digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Wannan ne ke sa wasa ya fara lafiya, bayan ɗan lokaci ya soma sarƙewa. Ƙurar hunturu da ke toshe fanka tana ƙara dagula lamarin. Share fanka, da sabunta man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, da ɗaga na'ura daga kan katifa ko tabarma, kan dawo da saurin da ake zaton ya tafi ke nan.

Wuta ma abin lissafi ce. Katin hoto irin RTX 3060 shi kaɗai yana jan kusan wat 170. Mai rumfar da ya dogara da sola a wurin da layin NIGELEC bai kai ba, sai ya haɗa kuɗin batir da na faranti kafin ya yi ciniki. Wannan na daga cikin abin da ke sa masu gidajen gem fifita PlayStation 4, wadda ta fito a 2013 da furosesar AMD mai sassa takwas da RAM gigabayit 8. Kowace ɗaya daidai take da 'yar'uwarta, babu batun wace furosesa aka saka a ciki.

Masu wasa da waya

Ga yawancin matasan karkara, waya ce na'urar gem. Free Fire, da ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018, ana buga su ne a wayoyin Tecno da Infinix da itel, dukansu na kamfanin Transsion na China. A kwalayen irin waɗannan wayoyi akan ga an rubuta "4+4" ko "8+8". Lambar farko ce RAM ta ainihi. Ta biyun aro ce daga ma'ajiyar waya, wadda ba ta kama ƙafar RAM a sauri ba. Tana taimakawa wajen barin manhajoji a buɗe, amma ba ta ƙara wa wasa gudu. Abin dubawa shi ne sunan furosesa, ko MediaTek ce ko Unisoc ko Snapdragon, da lambarta.

Kafin a biya kuɗi, mai saye na iya buɗe Task Manager a kwamfutar, ya ga cikakken sunan furosesa, da yawan RAM da saurinta, da adadin ramukan da aka cike. Daga nan ya nemi a kunna masa wasan da yake so, ya bar shi yana gudana na tsawon rabin sa'a a cikin shagon, domin matsalar zafi ba ta bayyana a mintunan farko.