Ka Sa wa Mota Manyan Tayoyi? Agogon Gudunka Ya Daina Faɗin Gaskiya

Idan ka ɗaga a-kori-kurarka ka sa mata tayoyin da suka fi na kamfani girma, to allurar da ke gabanka tana nuna ƙasa da gudun da kake yi. Ba lalacewa ta yi ba. Agogon gudu bai san titi ba, juyi kawai yake ƙirgawa, ko na ƙarfen da ke fitowa daga giyabos, ko na ƙafar motar kanta. Sai ya ninka yawan juyin da tsawon da aka faɗa masa tun daga kamfani cewa taya na ci a juyi ɗaya. Ka sauya taya, shi kuwa yana nan da tsohon lissafinsa.

Ɗauki Hilux mai taya 265/65R17. Tsayin wannan tayar daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 776 ne. Ka cire ka sa 285/70R17, tsayi ya koma kusan 831. Raba 831 da 776, za ka samu 1.07. Wato idan allura ta nuna 100, kana kan kilomita 107 a awa. Kar ka ce ai bakwai ce kawai: ƙarfin da burki zai kashe yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu, don haka ƙarin kashi 7 cikin ɗari a gudu ya zama kusan kashi 14 a aikin burki, ga kuma tayar ta fi nauyi. Lambar kilomita ma haka take cutarka. Ta rubuta 5,000 alhali ka yi 5,350, juyen baƙin mai ya makara, kuma in ka yi lissafin shan mai sai ka ga kamar motar ta fi sha fiye da yadda take sha.

Kafin ka taɓa komai, auna. Samu miƙaƙƙen titi, wani ya riƙe waya mai manhajar GPS, ka tsayar da allura a 60, sannan 80, sannan 100, yana rubuta abin da waya ta nuna. Idan tazarar na ƙaruwa daidai da gudu, taya ce ko giyar aksul da aka sauya. Idan allura na rawa ko tsalle, wannan kebul ne ko sensa, wata matsala ce daban. Ka kuma sani cewa kamfanoni da gangan suke sa agogo ya ɗan wuce gaskiya, domin ƙa'idar da Turai ke bi ta hana shi nuna ƙasa da ainihin gudu. Shi ya sa awon GPS ya fi lissafin takarda amfani.

Gyaran ya danganta da shekarun motar. Tsohuwa mai kebul, akwai wata 'yar giyar roba a jikin giyabos da ke juya kebul ɗin. Babbar taya na buƙatar mai ƙarancin haƙora: in ta yanzu tana da 20, raba da 1.07, ka samu 18.7, sai bakanike ya nemo mai 19. Ba za ta zo cif-cif ba, amma ta kusa.

Mai sensa kuwa, akwai ɗan akwatin da mai gyaran wayar mota ke haɗawa tsakanin sensa da agogo, yana ƙara yawan siginar da kason da ka saita. A wasu sababbin motocin ma ba a yanke waya, ana jona kwamfuta ta ramin OBD a rubuta wa ƙwaƙwalwar motar sabon girman taya. In motarka ta yarda da wannan, shi ya fi, domin giyar otomatik ma da wannan lambar take sanin lokacin sauyawa. Sai dai kar ka bari a yanke wayar sensar ABS da sunan gyaran agogo, burkinka ne a kanta. Bayan an gama, koma titin nan da wayarka ka sake awo a 60, 80 da 100.