Gyara ko Sauyi: Matsalar Garaya da Jitar Bas Wajen Ɗaukar Kiɗa a Gida a Ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu duba wata matsala da ke fuskantar makaɗi mai ƙaramin ƙarfi, wanda yake ɗaukar kiɗansa a cikin ɗakinsa. Idan ya saurari abin da ya ɗauka ya ji amon bai gamshe shi ba, shin gyara abin kiɗan zai yi, ko kuwa ya nemi wani? Za mu taƙaita bayaninmu a kan kayan kiɗa biyu masu kaurin murya, wato garaya, wadda muka gada, da jitar bas, wadda ta zo mana daga waje.

Mun zaɓi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ne saboda halin da suka shiga. Sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandare ta kimiyya da ke Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ya nuna inda rashin tsaro ya kai, sannan a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan ukun. Inda taron dare ya yi wuya, makaɗi ya rasa dandali. Abin da ya rage masa shi ne ɗakinsa da wayarsa.

2.0 Kayan Kiɗan da Yadda Suke Ba da Amo

Garaya abin kiɗa ce mai tsarkiya biyu, wadda aka fi saninta da maharba da 'yan bori. Tana da ƙoƙo da aka rufe da fata, da sanda, da jaki wanda tsarkiya take hawa. Babbarta, mai ƙoƙon duma, ita ake kira komo. David Ames da Anthony King sun kawo bayanin waɗannan kaya a cikin ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971. Ita kuwa jitar bas, kamfanin Leo Fender na Amurka ne ya fara yaɗa ta a 1951. Tana da tsarkiya huɗu na ƙarfe, tsawon kowacce daga jaki zuwa wuya kamar inci 34.

Ƙa'ida ɗaya ce take tafiyar da su duka. Kaurin amo ya dogara ne a kan abubuwa uku: tsawon tsarkiya da nauyinta da ƙarfin ɗaurinta. In aka ninka tsawo, yawan karkarwar tsarkiya sai ya ragu da rabi, amo ya yi ƙasa. In aka tsananta ɗauri, sai ya yi sama. Bambancinsu kawai shi ne, garaya fata da ƙoƙo ne suke ƙara mata murya, ita kuwa jita maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya yake mayar da karkarwar ta zama lantarki.

3.0 Laifin Abin Kiɗa ne ko na Na'ura?

Kafin makaɗi ya taɓa aljihunsa, ya kamata ya san inda laifin yake. Tsarkiya mafi kauri ta jitar bas tana karkarwa kamar sau 41 a cikin sakan ɗaya. Ƙaramar lasifikar wayar hannu ba ta iya fitar da irin wannan amo. Saboda haka mutum yana iya zargin jitarsa alhali wayar ce ta gaza. Maganin wannan shi ne ya saurara da abin sawa a kunne mai kyau, ko da babbar lasifika.

Haka nan kuma wutar lantarkin Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan, wato dab da muryar bas. Gurnanin nan da ake ji a ƙarƙashin kiɗa yawanci daga nan yake. Gwajinsa ba wuya: a cire kwamfuta daga wuta a bar ta a kan batir, a nisanci janareto, a sake ɗauka. In gurnanin ya ɓace, to jita ba ta da laifi.

Ɗaki ma yana da nasa. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana mayar da amsa-kuwwa, har kiɗa ya cakuɗe. Ɗakin ƙasa mai tabarma da katifa da labule ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma irinsa ba ya wuyar samu a waɗannan ƙasashe.

4.0 Matakan Gyara

Muna ganin a fara da abin da ya fi sauƙin kuɗi. Game da jita, mataki na farko shi ne tsarkiya, domin gumi da ƙura suna kashe mata murya. Wanda bai sami sabuwa ba yana iya tafasa tsohuwar a ruwa, ya shanya ta sosai, ta farfaɗo na ɗan lokaci. Na biyu shi ne wuya. Itace yana shan laima da damina, ya bushe da hunturu, sai wuyan ya lanƙwashe. Akwai ƙarfe a cikinsa da ake juyawa don a miƙar da shi, amma kada a wuce kwatan zagaye a lokaci ɗaya. Na uku shi ne jaki: a danna tsarkiya a gaɓa ta 12, in amon bai zama ninkin na sakakkiyar tsarkiya daidai ba, a matsar da jakin gaba ko baya. Na huɗu, a kai wa mai gyaran rediyo ya duba wayoyin ciki, ya like waɗanda suka saki da dalma. Sai bayan duk waɗannan ne za a yi zancen sauya maganaɗisu.

Game da garaya, fata ce ranta. Da damina takan saki, amo ya dushe, sai a ɗan shanya ta a rana kafin a fara ɗauka. Da hunturu kuwa takan ɗaure har ta tsage, don haka a riƙa ajiye ta a inuwa cikin jaka. Jakin da ya cinye a sassaƙa wani. Ƙarfen nan mai 'yan zobba da ake maƙalawa a ƙarshen sanda yana ƙawata kiɗa a fili, amma a gaban makirfo yakan danne muryar tsarkiya. Ba ma cewa a cire shi, domin yana cikin kamannin garaya. Abin yi shi ne a ajiye makirfo kamar taƙi ɗaya daga fata, a karkatar da shi daga wajen ƙarfen.

5.0 Lokacin Sauyi

Akwai inda gyara yake zama ɓarnar kuɗi. In wuyan jita ya murɗe, ko ƙarfen cikinsa ya daina aiki, ko kuma kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin wata mai kyau, to sauyi ya fi. A nan ne maganar Hausawa ta araha ba ta ado take tabbata. Tsohuwar jita mai miƙaƙƙen wuya ta fi sabuwa mai ƙyalli wadda aka yi da ɗanyen itace, kuma kada a saya sai an gwada kowace gaɓa.

Garaya kuwa ba a yar da ita sai ƙoƙonta ya fashe. Ko fatar naman daji ta yi wuya saboda daji ba ya shiguwa, ta akuya tana wadatarwa. Tarihin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya isa misali. Da kuntigi mai tsarkiya ɗaya, wanda aka yi da gwangwanin kifi, ya yi suna a duniya.

Sauyin da muka fi jin tsoro shi ne ajiye garaya a ɗauki fiyano, kamar yadda ya zama ruwan dare a situdiyoyin Kano tun daga shekarun 1990. Fiyano an tsayar da muryoyinta a kan ma'auni 12 na Turai. Garaya ba ta da gaɓoɓi, yatsa ne yake neman amo, shi ya sa take iya bin hawa da saukar karin harshen Hausa a cikin kirari da take. Wanda ya yi wannan musaya ya sami sauƙi, amma ya yi hasarar abin da ba ya sayuwa a kasuwa.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, mun nuna cewa ya kamata makaɗi ya fara binciken ɗaki da wuta da na'ura, sannan tsarkiya da jaki da fata, kafin ya yi tunanin sayen sabo. Daga ƙarshe muna kira ga sassan nazarin Hausa, musamman na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, da su koya wa ɗalibansu 'yan waɗannan ƙasashe dabarun ɗaukar sauti, su ɗauko muryoyin tsofaffin masu garaya da bayanin masu sassaƙa ta, tun suna raye. Allah ya kawo mana zaman lafiya, amin.