Dillalin Wa? Wakilci a Cinikin Gida da Fili

A Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, da mota ta sauke doya ko lemo, ciniki a bainar jama'a ake yi. Mai saye ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Kaya na gaban kowa. Amma ranar da ɗan kasuwar nan ya tashi sayen shago ko fili a Yalwa ko Fadaman Mada, lissafi ya canja: kuɗin miliyoyi ne, aibin fili kuwa ba ya ganuwa da ido. Sai ya san wa dillali yake yi wa aiki.

Dillalin mai sayarwa burinsa kaya su yi daraja. Ko ya yi maka fara'a, ba naka ba ne.

Dillalin mai saye iri biyu ne. Akwai wanda ka ɗauka shi kaɗai, da yarjejeniya da wa'adi. Shi zai binciki takardu, ya tambayi mai unguwa da maƙwabta ko filin na gado ne da ba a raba ba, ko ruwa na kwanciya a wurin da damina. Akwai kuma baza cigiya ga dillalai da yawa, wanda ya samo shi ke da la'ada. Wannan na da sauri, amma kowa gaggawar rufe ciniki yake.

Bayan dillalin mai sayarwa da na mai saye, akwai na uku da ya yawaita a garuruwanmu: dillali ɗaya na tsaye wa ɓangare biyu, yana karɓar la'ada nan da can. Ya san ƙarshen abin da mai gida zai sallama, ya san nauyin aljihun mai saye. Taura biyu ba ta taunuwa; duk sirrin da ya fasa, ya ci amanar wani. Wani ma sai ya ɗora nasa a kan kuɗin, ya hana masu ciniki haɗuwa. Shi ya sa jihar Fulorida ta Amurka ta haramta wannan wakilci. Ban da wannan, tun watan Agusta 2024 'yan ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar ba sa zagayawa da mai saye sai da rubutacciyar yarjejeniya.

A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa sayar da fili mai takardar mallaka sai da amincewar gwamna. Dillalin da ke jiran la'ada biyu ba kasafai zai tsaya jiran wannan ba. Don haka a rubuta la'ada tun farko, a zauna da mai kaya ido da ido gaban shaidu, a kuma ɗauki lauya na kai.