Malamin Sudan da Ke Auna Zafin Makka

Jama'ar zango, ga labarin wani malami mutumin Sudan, sunansa Farfesa Elfatih Eltahir. Ya kamata duk mai niyyar hajji ya ji shi.

Wannan malami ya gama karatun injiniya a Jami'ar Hartum a 1985. Daga nan ya ƙetare zuwa Galway ta ƙasar Ayalan, ya ƙaro ilmin ruwa. Sa'an nan ya wuce babbar makarantar nan ta MIT a Amurka, ya sami digirin dakta a 1993, suka kuwa riƙe shi yana koyarwa. Har ƙauyen Banizoumbou na Nijar bincikensa ya kai, inda shi da almajiransa suka bi diddigin yadda kududdufan damina ke hayayyafa sauro da zazzaɓi.

Abin da ya fi fito da sunansa shi ne maganar zafi. Kowa ya san ruwan randa yana sanyi ne domin gumin da take yi yana bushewa. To, haka jikin ɗan Adam yake. In iska ta cika da laima, gumi ba ya bushewa, sai jiki ya kasa huce kansa. Masana suna auna wannan da ma'aunin zafi wanda aka naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. In ya kai 35, ko ƙaƙƙarfan saurayi a inuwa ba ya wuce 'yan sa'o'i.

A 2015, shi da abokin aikinsa Jeremy Pal suka nuna biranen bakin Tekun Fasha na iya kai wannan haddi kafin ƙarshen ƙarnin nan, muddin ba a rage hayaƙin mai da gawayi ba. A 2019 kuma suka duba hajji. Kun san watan Zulhajji yana matsowa da kwana 11 kowace shekara, watau yana zagaya rani da hunturu. Suka ce shekarun 2047 zuwa 2052 da 2079 zuwa 2086 za su tsananta ƙwarai.

Ba a ma kai can ba, a hajjin 2024 zafi ya kai 51.8 a Makka, hukumar Saudiyya ta ce mahajjata 1,301 suka rasu, yawancinsu marasa izinin hajji, waɗanda ba su da tanti ko mota.

Saboda haka dattawa, mai tafiya ya bi ta hannun hukuma, ya riƙe lema da gorar ruwa, ya bar jifa sai rana ta yi sanyi. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.