Sabuwar Na'ura Da Kunnen Baƙo A Aikin Faifai

A cikin shekarar 1973, mawaƙin nan na Ingila, Paul McCartney, ya sauka Legas domin ɗaukar faifansa "Band on the Run". Na'urar da ya tarar a ɗakin ɗaukar waƙa na kamfanin EMI layi 8 kawai take ɗauka, alhali ta Ginger Baker a Ikeja tana ɗaukar 16. A Landan aka ƙarasa aikin.

Yawan layi shi ke ba kowane abin kiɗa mazauninsa, har a gyara ganga ba a taɓa murya ba. Amma na'ura kaɗai ba ta isa ba. Akwai tacewar ƙarshe, watau daidaita ƙarfin sauti da kaifinsa domin waƙa ta fita sarai a rediyo, da mota, da waya. Wanda ya kwana yana haɗa waƙa, kunnensa ya riga ya saba da aibinta. Laifi tudu ne, shi ya sa gwani na waje ya fi dacewa da wannan aiki.

Saboda haka mawaƙinmu da ya bar mutum guda ya ɗauka, ya haɗa, ya tace, ya yi tsimin kuɗi, amma waƙarsa ce za ta biya.