Tsamin Nono Da Lafiyar Ciki: Abin Da Mazauna Kurmi Ya Kamata Su Sani

Duk mutumin Arewa da zama ya kawo shi Ikko ko Badun, da wuya a yi hira da shi bai ambaci kewar fura da nono ba. A Agege da Idi-Araba da Sabon Badun akwai masu sayarwa, amma sau da yawa ba irin na gida ba ne. Ƙudan tsando ya daɗe yana hana shanu yalwata a dazuzzukan Kurmi, saboda haka wasu kan haɗa nasu da madarar gari, wasu kuwa su tsuga ruwa don ya auku.

To, mene ne ke sa nono tsami? Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masana na kiran wani jinsinsu Lactobacillus. Idan Bafulatana ta tafasa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan ragowar nonon jiya ta rufe ƙwarya, waɗannan halittu ta shuka. Kafin gari ya waye sun cinye wani kashi na sukarin madarar sun mayar da shi tsami, madara ta kama ta zama kindirmo. Abin da ya sa ke nan mutumin da ɗanyar madara ke kumbura wa ciki yakan sha nono ya zauna lafiya. Tsamin nan kuma yana takura wa ƙwayoyin cuta da dama, ba ya barinsu su hayayyafa yadda suke so.

Turawa sun makara wajen lura da wannan. A cikin 1907 wani masani ɗan Rasha mai aiki a Faris, Elie Metchnikoff, ya rubuta cewa nono mai tsami na iya gyara hanji, yana kafa hujja da manoman Bulgeriya. A Japan aka fara sayar da Yakult a 1935. A 2001 kuwa ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci suka ce abin da ake nufi da furobayotik shi ne rayayyun halittu masu amfanar jiki idan an sha su da yawan da ya isa. Mai karatu ya lura da kalmar rayayyu. Koko da kunun zaki daga tsimammen hatsi suke, amma ruwan zafi na kashe akasarin halittun, sai tsami da saukin narkewa suka rage.

Haɗarin yana wajen abin da ake ƙarawa daga baya. Tsami ba ya wanke ruwa marar tsabta, haka nan ƙanƙarar da ba a san inda aka yi ta ba. A watan Yuni na 2024, lokacin da kwalara ta ɓarke a Ikko, jami'an lafiya na jihar sun ce suna zargin wani kunun aya na kwalba da ba shi da rajista. Madarar da ba a tafasa ba ita ma tana iya ɗauko tarin fuka na shanu, da wani zazzaɓi mai naci da ake kira burusela, ko da ta yi tsami.

Saboda haka mai saye ya tambaya ko an tafasa madarar, ya kuma duba ruwan da ake dama fura da shi da wanda ake ɗauraye ludayi. Wanda ke da hali ya haɗa nasa a ɗaki. Madarar gari ma tana yi, muddin an dama ta da tafasasshen ruwa, an bari ta koma ɗumi-ɗumi kafin a zuba cokali biyu na nono mai kyau.

Idan kuwa gudawa ta kama yaro, nono ba zai maye gurbin ruwan gishiri da sukari ba, kuma in ta tsananta a garzaya asibiti. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwarsa kaɗai ake ba shi.