TUNJERE: CIWON DA KE KAMA YARO TUN YANA CIKIN UWA

A ƙauyuka da dama akwai macen da ake ce ma mai wabi. Ta yi ciki, ya zube. Ta sake yin wani, ta haifi ɗa ba rai. Na uku ya zo da rai, amma ko suna bai kai ba. Sai mutane su ce iska ce, ko maita, ko baki. A yi ta kashe kuɗi wajen neman tsari. Abubuwan da ke kawo wannan asara suna da yawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne tunjere, kuma maganinsa yana gidan likita.

Tunjere ƙwayar cuta ce ƙarama wadda ido ba ya gani. Ana ɗaukar ta wajen kwanciyar namiji da mace. Bayan kamar sati 3, wani ɗan gyambo yana fitowa a al'aura. Ba ya zafi. Ga mace, sau da yawa yana can ciki inda ba ta ganin shi. Bayan ƴan makonni sai ya warke da kansa, mutum ya ce ya rabu da ciwo. Ba haka ba ne. Cutar ta shiga jini. Daga baya ƙuraje suna iya fesowa a jiki, har tafin hannu da tafin ƙafa, galibi ba ƙaiƙayi. Su ma su ɓace. Daga nan cutar ta kwanta shiru, shekara da shekaru.

Nan ne haɗarin yake. Mace tana daka, tana ɗiban ruwa, tana zuwa gona, lafiya lau ga ido. Amma in ta yi ciki, cutar tana bi ta mabiyiya ta shiga jikin yaro. Cikin yana iya zubewa. Yaron yana iya mutuwa a ciki, ko a haife shi bakwaini, ko ƙanƙane ƙwarai. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2016 tunjere ya kashe jarirai fiye da 200.000 a duniya, wasu a ciki, wasu ƴan kwanaki bayan haihuwa.

Jaririn da ya zo da cutar, wani lokaci ba a ganin kome a jikinsa ranar haihuwa. Sai bayan ƴan makonni. Hancinsa ya riƙa zubar da majina ba tsayawa, wani sa'i har da jini. Tafin hannunsa da na ƙafarsa su yi bororo, fata ta riƙa saɓulewa. Cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya. In an taɓa hannunsa ko ƙafarsa sai ya tsala kuka, don ƙashinsa yana ciwo. Wanda ba a yi ma magani ba, in ya girma yana iya kurumcewa, ko idonsa ya lalace, ko karan hancinsa ya lotsa.

Ba a gane tunjeren mai ciki da duban fuska. Awon jini kaɗai ke nuna shi. Ana ɗan soka yatsa, a ɗiga jini bisa wani ɗan abin awo. Cikin minti 20 an san amsa. Akwai ma irin da ke auna tunjere da sida gaba ɗaya. Shi ya sa ake son mace ta je awon ciki tun cikin wata 3 na farko. Mata da yawa suna ɓoye ƙaramin ciki saboda kunya ko tsoron baki, ba su zuwa awo sai ciki ya tsufa. Kafin nan cutar ta riga ta yi ɓarna. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke ma mata kuɗin awon ciki. Wadda ta je, ta tambayi unguwarzomar likita ko an auna mata tunjere.

Maganin allurar fenisilin ce, mai suna benzatin. Tun 1943 ake kashe tunjere da fenisilin, har yau kuma yana ci. In cutar sabuwa ce, allura 1 ta isa. In ta daɗe, ko ba a san yaushe ta shiga ba, allura 3 ake yi, ɗaya kowane sati. Allurar tana warkar da uwa, tana kuma kai wa ga yaron da ke ciki. Ana son a yi ta aƙalla kwana 30 kafin haihuwa. Tun da wuri ya fi. Wadda fenisilin ya taɓa ba wahala ta faɗa ma likita kafin a yi mata. Wasu suna yin zazzaɓi ranar allurar farko. In mai ciki ta ji haka, ko ta ji ciwon mara, ta koma likita.

Kafson da ake talla a kasuwa ba ya maye gurbin wannan allura. Wani yana ɓoye gyambo kawai. Wani ma haramun ne ga mai ciki.

Sauran magana tana ga maigida. In an yi ma mace magani ba a yi ma mijinta ba, aikin banza ne: zai sake sa mata cutar, don wanda ya warke yana iya sake kamuwa, kuma babu allurar rigakafin tunjere. A gidan da ke da mata 2 ko 3, kowa sai an auna shi, uwargida da amarya duka. Magidancin da ya dawo daga bida, ko daga Abijan ko daga Legas, ya kamata ya biya ta likita a auna jininsa. Ba wurin neman mai laifi ba ne, don cutar tana iya shekaru a jiki tun kafin aure. Miji da mata su dakata da kwanciya har sati 1 bayan an gama masu magani. Kwaroron roba yana rage haɗarin kamuwa.

Jaririn da aka haifa da cutar ana yi masa allurar fenisilin kwana 10 ko fiye, a gidan likita. Uwarsa ta ci gaba da ba shi nono, sai fa in akwai gyambo a kan nonon. A shekarar 2015, OMS ta shaida cewa ƙasar Kuba ce ta farko da ta kai ga tsayar da wucewar tunjere da sida daga uwa zuwa ɗa. Ta fannin tunjere, da awon ciki da wannan allura ta kai ga haka.